Tambaya da Amsa: Steam, Epic ko GOG, a wace rumfa zan sayi gem?

Yawancin wasiƙun da suka zo wannan fili a wannan karon kan abu guda suka tsaya, wato shagunan intanet da ake sayen wasannin kwamfuta. Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su wuri ɗaya.

Assalamu alaikum. Na sayi kwamfuta ta hannu, ina so in daina dogaro da gem ɗin da ake tura min a filash, in fara saye da kuɗina. Abokaina sun rabu, wasu Steam, wasu Epic, ɗaya kuma ya ambaci GOG. Wanne ya fi? (Mai karatu daga Fagge, Kano)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Buɗe asusu a dukansu kyauta ne, kuma babu wanda zai hana ka riƙe uku a kwamfuta ɗaya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, wannan gem ɗin da nake so, a ina ya dace in saye shi? Amsar takan canza daga gem zuwa gem.

Steam shi ne Kantin Kwari na wannan harka. Kamfanin Valve na Amurka ya buɗe shi a 2003, kuma da wuya ka nemi wasan kwamfuta ka rasa a can. Babban amfaninsa ga mai saye shi ne ra'ayoyin waɗanda suka riga shi. A ƙarƙashin kowane gem za ka ga abin da mutane suka rubuta, da adadin awannin da kowannensu ya yi yana bugawa, don haka kana iya bambance wanda ya san abin da yake faɗa da wanda ya yi minti goma ya fusata. Yana da zauren tattaunawa na kowane gem, inda galibi za ka tarar wani ya riga ka cin karo da matsalar da ke damunka, an kuma ba shi mafita. A cikin ukun, shi ya fi sanin yadda ake tattalin data, za mu zo kan wannan a ƙasa.

Epic Games Store ya zo ne a Disamba 2018, daga kamfanin da ya yi Fortnite. Ya shigo da faɗa. Steam yana cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane gem da aka sayar (yana sauka zuwa 25 bayan cinikin dala miliyan 10, sannan 20 bayan miliyan 50), shi kuwa Epic ya ce kashi 12 kawai zai ɗauka. Wannan labari ne mai daɗi ga masu ƙirƙirar wasanni, amma kai mai saye kada ka sa rai za ka ga bambancin a farashi, domin sabon gem yawanci kuɗinsa ɗaya ne a rumfunan biyu. Abin da Epic ke jan mutane da shi shi ne gem ɗin da yake bayarwa kyauta kowace Alhamis. Manhajarsa ba ta kai ta Steam kayan aiki ba. Har ƙarshen 2021 ko kwandon tara sayayya ba ta da shi, ɗai-ɗai ake biya.

GOG kuwa daban yake. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ne ya kafa shi a 2008 don sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara su yi aiki a sababbin kwamfutoci, daga baya ya ƙara da sababbi. Ƙa'idarsa ita ce babu kwaɗo a kan kayansa. Idan ka saya, yana ba ka fayilolin girkawa ka sauke ka ajiye a rumbun ajiyarka, ka girka duk lokacin da ka so, ba tare da intanet ba, ba tare da shiga asusu ba. Manhajarsa mai suna GOG Galaxy ma ba dole ba ce. Rauninsa shi ne ƙarancin kaya: manyan kamfanoni da yawa ba sa kai sababbin wasanninsu can, saboda ba su yarda su cire kwaɗon ba. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, alal misali, ba za ka same shi a GOG ba.

Ga yadda muke auna su. Idan gem ɗin na mutum ɗaya ne, mai labari, kuma yana GOG a farashi kusa da na sauran, saye shi a can, musamman ga wanda intanet ɗinsa yau akwai gobe babu. Idan na bugawa da abokai ne, saye inda abokan suke, wanda galibi Steam ne. Epic kuma ka riƙe shi don kyauta, da kuma ɗan abin da ba a samu sai a wurinsa.

Wai da gaske ne gem ɗin da na biya kuɗinsa ba nawa ba ne? (Daga Maraɗi)

Da gaske ne, malam. Abin da ka saya lasisi ne, wato izinin amfani. Tun Oktoba 2024 Steam ke rubuta hakan ƙarara a shafin biyan kuɗi, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana shagunan intanet cewa “saya” ba tare da bayyana cewa izini ne ba. A GOG ma lasisi ne a takarda, sai dai fayilin da ke cikin rumbunka babu wanda zai shigo ya ƙwace shi.

A zahiri, gem ɗin da aka daina sayarwa a Steam yakan zauna a asusun wanda ya riga ya saya. Haɗarin gaske yana ga wasannin da ba sa tashi sai sun gaisa da sabar kamfaninsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet. Ubisoft ya rufe sabar wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, shekara kusan goma bayan fitowarsa, wasan ya daina aiki ga kowa, har da waɗanda suka saye shi a faifai. Don haka kafin ka biya, duba gefen shafin gem ɗin a Steam. Akwai wurin da ake rubuta ko yana buƙatar asusun wani kamfani, ko yana ɗauke da ƙarin kwaɗo irin su Denuvo. Shi Denuvo yakan nemi intanet lokaci-lokaci don sabunta izini, kuma yana ƙayyade kunnawa a kwamfuta biyar cikin awa 24. Wasannin EA da Ubisoft da Rockstar, ko a Steam ko a Epic ka saya, yawancinsu sai sun girka maka manhajar kamfaninsu a kai, asusu biyu ke nan, kalmar sirri biyu, da manhajoji biyu masu neman sabuntawa.

Sau uku ina gwada biya da katin bankina na naira ana ƙi. Me nake yi ba daidai ba? (Daga Zariya)

Wataƙila ba komai. Steam ba ya sayarwa da naira, da dala yake nuna wa mai asusun Najeriya farashi, don haka cinikin na ƙasa da ƙasa ne. A 2022 bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, wasu sun dawo da shi a 2025 tare da ƙayyade abin da za a iya kashewa. Fara da tambayar bankinka abu biyu: katin yana biyan kuɗin waje? Nawa ne iyakarsa?

Idan yana biya kuma ana ƙi, duba waɗannan. Ƙasar da ke kan asusunka dole ta dace da ƙasar katin. Suna da adireshi su zama yadda banki ya san su. Kuɗin da ke ciki ya ɗan haura farashin, domin banki da nasa canjin yake lissafi, wani lokaci da ɗan caji a kai. Kuma kada ka yi ta dannawa. Idan aka ƙi sau da yawa a jere, Steam yakan toshe biyan na wani ɗan lokaci don kariya. Kuɗin da aka cire alhali cinikin bai faɗa ba yawanci riƙewa ce ta wucin gadi, banki ne ke sake shi.

Sauran hanyoyin su ne katin asusun dala, ko katin dala na manhajojin kuɗi, ko katin kyauta na Steam. Idan kana da ɗan'uwa a waje mai asusun Steam, yana iya aiko maka da kuɗi kai tsaye cikin jakar kuɗi ta asusunka, muddin kun kai kwana uku da zama abokai a manhajar. Katin kyauta da baƙo ke tallarsa a WhatsApp ƙasa da darajarsa kuwa, ka bar masa kayansa. Da yawansu daga hannun waɗanda aka damfara suka fito.

Data ce matsalata, sai wuta. Wani gem ya kai giga 100. Akwai dabara? (Daga Jos)

Akwai, kuma nan ne rumfunan suka fi bambanta. Bari mu fara da lissafi: giga 100 a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa yana cin kusan awa 22, idan layin bai yanke ba. Adadin da ake rubutawa a shafin gem na filin ajiya ne. Abin da za a sauke yakan ɗan gaza haka domin a matse yake zuwa.

Dabara mafi girma ita ce kada ka sauke abin da maƙwabcinka ya riga ya sauke. A Steam wannan halas ne, matuƙar kai ma ka sayi gem ɗin a asusunka, domin izinin yana kan asusu, fayilolin kuwa iri ɗaya ne ga kowa. A kwamfutar abokinka, shiga jakar Steam, sannan steamapps, sannan common, ka kwafi jakar gem ɗin gaba ɗaya. Koma steamapps ka kwafi ƙaramin fayil mai suna appmanifest da lambar gem ɗin a ƙarshensa (lambar ita ce wadda ke cikin adireshin shafin gem ɗin a shagon). A taka kwamfutar, rufe Steam ɗungurungum, har da alamar da ke ɓuya kusa da agogo, ka zuba kowanne a mazauninsa, sannan ka buɗe. Danna dama a kan gem ɗin, shiga bayanansa, zaɓi tantance fayiloli. Zai duba, ya sauke abin da ya rage kawai. Idan abokin ya daɗe bai sabunta nasa ba, abin da ya rage zai yi yawa, don haka ya sabunta kafin ka kwafa.

Abin da ke yawan ɓata wannan aiki shi ne filash ɗin kansa. Wanda aka tsara da tsarin ajiya mai suna FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, kuma manyan wasanni suna da irinsu da yawa. Kwafin zai tsaya a tsakiya, ko ya tsallake su. Mayar da shi exFAT ko NTFS tukuna, amma ka kwashe abin da ke ciki domin gogewa zai yi.

Idan kwamfutocin biyu suna wuri ɗaya, akwai hanya mafi sauƙi da Steam ya ƙaro a 2023. Ku hau rauta ɗaya, ku kunna turawa ta layin gida a saitin saukewa, ku ba da izini ga abokai, sai ka danna girkawa. Fayilolin za su taho daga kwamfutarsa maimakon intanet. Idan aka haɗa kwamfutocin da rautar ta kebul ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Epic ba shi da maɓallin da aka tanada don wannan, sai ’yar dabara: fara girkawa, bari ya sauke kaɗan, dakatar, rufe manhajar, zuba fayilolin cikin jakar da ya buɗe, sannan ka ci gaba. Yawanci yana gane su ya tantance, amma idan sunan jaka ko sigar gem ɗin bai dace ba, sai ya soma daga farko, datarka ta tafi. A GOG kuwa saukewa ɗaya ta ishe ka har abada. Manyan wasanninsa suna zuwa ne gunduwa-gunduwa, kowace kusan giga 4, tare da ƙaramin fayil na girkawa. Dole dukansu su zauna a jaka ɗaya, su kuma zama na siga ɗaya. Kana iya sauke gunduwa biyu yau, uku jibi, da datar dare. Lasisin na kanka ne kai kaɗai, rashin kwaɗo bai mayar da shi kayan rabo ba.

Sai ɓarawon da ba a gani, sabuntawa. A bayanan kowane gem a Steam, canza saitin zuwa “sai na buɗe shi”, sannan a saitin saukewa ka ƙayyade awannin da aka yarda ya sabunta da kansa. Yanayin rashin intanet na Steam yana aiki, da sharaɗi uku: ka bar shi ya tuna shigarka, gem ɗin ya gama sabuntawa, kuma ka taɓa buɗe shi sau ɗaya kana kan layi. Ɗauke wuta a tsakiyar saukewa ba abin tsoro ba ne, yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Ɗaukewa lokacin da yake rubuta sabuntawa a rumbu ita ce ke lalata fayil, maganinta kuma tantancewar nan ce. Kada ka goge gem ɗin.

Na sayi lambar kunna gem a wani shafi da rabin farashi. Ta yi aiki wata ɗaya, sai gem ɗin ya ɓace daga asusuna. (Daga Kaduna)

Banza ba ta kai zomo kasuwa, ƙanena. Masu sayar da lambobi iri biyu ne. Akwai dillalai masu izini, irin su Humble da Fanatical da Green Man Gaming, waɗanda ke karɓar lambobin daga hannun masu gem ɗin. Akwai kuma kasuwannin da kowa ke iya kasa kayansa, shafin yana cin la'ada kawai. A irin na biyun, wani yakan sayi lambobi da katin sata ya sayar da araha. Idan mai katin ya kai ƙara banki ya janye kuɗin, sai masu gem ɗin su soke lambar, wanda ya saya a ƙarshe shi ke asara. Ba zargi ba ne kawai: a 2020 kasuwar G2A ta amince cewa lambobi 198 na wasan Factorio da aka sayar a shafinta na sata ne, ta biya masu wasan dala 39,600.

Steam ba zai mayar maka da kuɗin da ba shi ka ba ba. Koma wurin da ka saya da hoton sanarwar sokewar. Nan gaba ka duba shafin IsThereAnyDeal, wanda ke jera farashin dillalai masu izini kaɗai, da shafin SteamDB don ganin mafi ƙarancin farashin da gem ya taɓa kaiwa. Ka kuma karanta ko lambar tana aiki a ƙasarka, domin wasu na yanki ne. Sannan haƙuri ma ragi ne: Steam yana babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma idan ka sa gem a jerin abin da kake so, zai aiko maka da saƙo ranar da ya sauko.

Masu sayar da asusu sukutum da wasanni a ciki sun fi wannan muni. Ƙa'ida ta hana, kuma mai asusun na asali yana iya karɓe abinsa duk ranar da ya nuna shaidar sayayyarsa ta farko.

Laftof ɗina ba shi da ƙarfi sosai. Idan na saya bai yi ba fa? (Daga Kumasi)

Steam da Epic, ba cinya ba ƙafar baya: suna mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka kai awa 2 kana bugawa ba. GOG yana ba da kwana 30 ko da ka buga, amma yana iya ƙin wanda ya mayar da abin sana'a. Ka kula, agogon Steam yana tafiya muddin gem ɗin na buɗe, ko da kana kan allon saiti ne, ko yana shirya hotuna a buɗewar farko. Shiga cikin wasan kai tsaye ka gwada wurin da ya fi cunkoso. Saukewar ma tana cin kwanakinka 14, don haka kada ka saya sai ka shirya data. Mayarwa cikin jakar kuɗi ta Steam ta fi komawa kati sauri, sai dai kuɗin ba ya fita daga can.

Kuɗi yana dawowa, data ba ta dawowa. Kafin ka saya, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta dxdiag, ka ga furosesa da RAM da katin hoto, ka gwada da mafi ƙarancin buƙatun da aka rubuta a ƙasan shafin gem ɗin. Idan katin hoton Intel ne na cikin furosesa, manta da manyan wasannin shekarun nan, ka nufi tsofaffi, inda GOG ya fi kowa. Steam kuma ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairu 2024.

Kyautar Epic ɗin nan babu wata a ƙasa? (Daga Sakkwato)

Babu. Ana canza ta ranar Alhamis, ƙarfe 4 na yamma agogon Najeriya da Nijar, ko ƙarfe 5 daga Nuwamba zuwa farkon Maris. Ka karɓa ta burauzar waya ma ya isa, ba sai ka sauke ba, yana zama a asusunka. A ƙarshen Disamba kullum ake bayarwa. Tarko ɗaya: ƙarin kaya da ake saya wa gem dole ya fito daga rumfar da uwar take. Wanda ka saya a Steam ba zai hau kan kyautar Epic ba.

’Ya’yana uku suna faɗa kan asusu ɗaya, kuma ina tsoron su kashe min kuɗi. (Wata uwa daga Gombe)

Hajiya, a nan Steam ya yi wa sauran nisa. Tsarinsa na iyali, wanda ya fito a 2024, yana haɗa mutum shida na gida ɗaya, kowa da asusunsa da ajiyar wasansa, ana kuma cin moriyar wasannin juna. Kwafi ɗaya mutum ɗaya ne a lokaci guda. Idan biyu na son gem ɗaya a tare, sai an sayi na biyu. Ki buɗe naki a matsayin babba, ki sa su a matsayin yara. Daga nan ke za ki zaɓi wasannin da kowa zai gani, ki ƙayyade awanni, ki rufe hira da baƙi, kuma in yaro na son saye sai dai ya turo miki buƙata ki amince. Kada ki bar katinki a ajiye a asusun yaro. Abu biyu ki sani: wanda ya fita daga iyalin sai ya jira shekara ɗaya daga ranar da ya shiga kafin ya shiga wani, sannan idan ɗayansu ya yi maguɗi a gem ɗinki aka kore shi, korar ta shafe ki. Wasu wasannin, musamman masu neman asusun wani kamfani, ba sa shiga rabon.

An ce in canza ƙasata zuwa Turkiyya da VPN (manhajar ɓoye mazauni) don samun araha, ko in yi rajistar Game Pass. (Daga Yamai)

Zamanin Turkiyya da Ajantina ya wuce. A Nuwamba 2023 Steam ya daina sayarwa da kuɗin ƙasashen biyu ya mayar da su kan dala. Canza ƙasa yana buƙatar katin wannan ƙasar, sau ɗaya ake yi a wata uku, kuma ɓoye mazauni da VPN don neman araha saɓa yarjejeniya ne da ke iya jawo taƙaita asusu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

PC Game Pass na Microsoft haya ce ta wata-wata: ka daina biya, ƙofa ta rufe, kuma ana cire wasu wasanni a tsakiya da ƙarshen kowane wata. Lokacin da aka ƙara ƙasashe 40 a 2023, Masar da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya sun shiga, Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan jerin. Ko da ka samu hanyar biya, ribarsa tana ga mai gwada wasanni da yawa a wata, kuma kowane ɗaya sai ka sauke shi da datarka.